Ƙwaryar Aure a Wuyan Duna

Barakatu na tsugune a gindin aduwa tana korar ƙudaje daga ƙafar Duna, karen gidansu, sai ta ji sallama. Ta ɗaga kai ta ga dogon saurayi da kwari a kafaɗa, Hambali ɗan maharban ƙauyensu Guci. Ita yake kallo ƙiri-ƙiri, amma wai karen ya tsaya tambaya.

"Tun yaushe yake lasar ƙafar nan?"

"Tun da kumandan, Baturen mulki na Magariya, ya ce a harbe duk karen da ke yawo. Baba ya ɗaure shi, shi ke nan ya kama susa da lasa. Da can shi ke tsare mana awaki."

Duna kam ya lalace, gashi ya zube, ƙafa ta zama gyambo. Hambali ya ce a yi masa wanka da jiƙon sassaƙen maɗaci, a shafa man shanu, a riƙa jan sa daji da igiya, don zaman wuri ɗaya ke cin ransa.

"Sai kuma ƙwarya. A huda gindinta a sa masa a wuya, bakinsa ya kasa kai wa ga ciwon."

Barakatu ta faɗa ɗaki da gudu. Son da ya kama ta bai bar ta ta yi tunani ba, ta ɗauko ƙwarya mai zane daga cikin waɗanda Inna ke tara mata na aure.

Ranar Inna ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo ta zana. Guci ta samu abin dariya, kayan ɗakin amarya a wuyan kare! Da maganar son Hambali ta fito, mahaifinta Malam Tsoho ya ce ba zai ba mai taɓa karnuka 'yarsa ba, ga Sabo mai kai gyaɗa Kano kullum yana zuwa gaisuwa. Barakatu ta yi kuka har ta gaji.

Sai dai Malam bai hana magani ba, don yana son karensa. Turai, ƙanwar Inna, ita ke kai musu saƙo.

"Ya ce a gaya wa Baraka tasa, ƙafar Duna ta fara bushewa, ciwon ƙirjinsa ne ya ƙi jin magani."

"Inna Turai, ki ce da lokotoron nan, likitan karnuka, ya yi haƙuri, ni ma ko tuwo ba ya shiga."

Wata rana wajen wanka Duna ya gantsara wa Hambali cizo a hannu, jini ya tsarto. Malam Tsoho na zaune a kan buzu, Sabo na gefensa. Hambali bai doki karen ba. Ya shafa bayansa yana cewa, "Sannu, na san da zafi," ya ci gaba da wankan.

Sabo ya tofar da yawu. "Baba, me za a yi da wannan abu? A bar wa masu bindigar kumandan, in kawo maka lafiyayye daga Kano."

Malam ya daɗe yana jan carbi. Barakatu na bayan zana, tsoro ya kama ta.

"Sabo," in ji Malam, "Barakatu tana ƙarama ta yi ƙyanda, jikinta duk ya ɓaci, har uwarta ta fid da rai. Ranar da ta kwanta ciwo a gidan miji, ina son in san wa ke kusa da ita." Ya juya. "Hambali, wanke hannunka, ka je ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure, Duna ya yi gashi har yana sheƙi. Inna da ta rantse ba za ta ce uffan ba, ita ta fi kowa hawaye.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka," ta ce. "Ka riƙe mini ita amana."

Da aka watse, Barakatu ta kama hannun mijinta, ta shafa tabon cizon.

"Ya yi zafi sosai?"

Hambali ya yi murmushi. "Baraka, da na san abin da Baba zai faɗa, da na miƙa masa ɗaya hannun ma."