Murfin Robar Kindirmo

Ranar Talata da hantsi aka kawo rahoto caji ofis na Tsafe: mutum biyar na kwance asibiti, duk kindirmon roba suka sha. Kafin azahar an tsare Inna Dije, shugabar matan rugar Bungudu masu haɗa shi.

"Shekara talatin ina tallan nono, ban taɓa kwantar da kowa ba," in ji ta.

Sufeto Haruna ya nufi shagon Ɗanlami a nan Tsafe, inda aka sayi kindirmon. Ya tarar da robobin cikin bokitin ƙanƙara.

"Me ya hana ka sa su a firij?"

"Ba wuta, yallaɓai. Kuma a rufe anka kawo mini su daga Bungudu."

Firij ɗin kuwa sai gurnani yake a bayansa. Sufeto ya ɗauki roba ɗaya ya fita.

A Bungudu, Husna 'yar Dije ta nuna masa wata 'yar takarda mai sheƙi a kan murfin robar.

"Ba ta da batir. Katakon da ke cikin firij ɗin da muke ba 'yan shago, shi ke ba ta wuta, ba igiya. In nono ya lalace ko an taɓa buɗe murfin, sai ta kawo ja. Inna ma ba ta so mu saye ta ba."

Ta kara wayarta a murfin, rubutu ya fito: an kai robar Damba, an buɗe ta sati uku da suka wuce.

A Damba cikin Gusau, mai shagon da aka kai wa robar ya tuna wadda ta kwashi katan goma, wato Hajiya Wasila. Sufeto ya same ta a gida.

"Sunan jikana anka yi," ta ce. "Robobin kuwa kyauta na ba wani mutumin Tsafe, wai matarsa na zoɓo. Har ƙarƙashin tabarma ya bi yana tsintar murafu."

Da la'asar Sufeto ya koma shagon Ɗanlami, ya ɗora robar kan katakon firij. Nan take murfin ya kawo ja.

"Madarar gari nike damawa da ruwan rijiya in ɗura," in ji Ɗanlami. "Sunan Inna Dije ka sayar da kaya, ba nawa ba."

Aka sa masa ankwa, aka tasa ƙeyarsa.

Da aka sako Dije, an riga an sallami majinyatan. Ta yi ta zuba wa Sufeto godiya har ya ji kunya, ya miƙa mata murfin.

"Ga mai shaidarki nan, Inna."

Ta juya shi a tafin hannu, ta kalli Husna da hawaye.

"Allah shi yi miki albarka da kinka ƙi jin maganata."

Sannan ta ƙulle murfin a bakin zanenta.