Farin Keken Espen

Ranar da Emmett Kowalczyk ya fara ganin Linnea Halvorson, gudu take yi a layin masu keke, ta toshe kunnuwanta biyu da abin jin waƙa. Hanyar Greenway an raba ta da fenti, ɓangaren kekuna daban, na masu tafiya da ƙafa daban. Ya kaɗa ƙararrawa, ya ce, "Ta hagu!" kamar yadda kowa ke faɗa kafin ya wuce. Ba ta ji ba. Ya matse birki, ya kauce cikin ciyawa, ya kife.

Ta cire abin kunnen. "Ka ji ciwo?"

"Mutuncina ne kawai ya karye. Baiwar Allah, layinku yana can."

"Na sani. Can karnuka ne da kekunan jarirai, suna rage mini gudu."

"Gudu? Akwai kunkuru a bakin tafkin Isles da ya fi ki sauri."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Tun daga ranar sunanta a bakinsa Kunkuru, nasa a bakinta Ƙararrawa.

Ita ma'aikaciyar jinya ce a asibitin yara, tana gudu kafin ta tafi aiki. Shi gyaran keke yake yi a wani shago da ƙofarsa ke kallon hanyar. Bai wuce mako ba ya fara ajiye kofi biyu a kan bencin ƙofar shagon.

"Kunkuruna, kofinki yana hucewa. Ko in aiko da motar ɗaukar marasa lafiya?" ya rubuta mata wata safiya.

"Ina tafe. Ka wanke hannunka, jiya kofin warin man kaca yake yi."

Duk bazarar haka ta tafi. Yana tura kekensa a gefenta, tana gudunta, suna bi ta ƙarƙashin gadoji, hayaniyar motocin Minneapolis tana can sama ba ta kai gare su.

Wuri ɗaya ne hirarta ke yankewa, inda hanyar ke hawowa ta ratsa titin mota. A nan akwai keke fari fat, tun daga taya har sirdi, ɗaure da sarƙa a jikin sandar fitila. Duk mai hawan keke a garin nan ya san ma'anarsa: a nan mota ta kashe wani. Ba a hawansa, ba a kuma matsar da shi sai da izinin iyalin mamacin.

"Na ƙanena ne, Espen," ta ce wata rana. "Shekararsa goma sha tara. Motar kaya ce. Yau shekara uku."

Daga nan ba ta ƙara ba. Mutanen gidan Halvorson ba su da yawan magana a kan abin da ya fi yi musu ciwo. Ba ta gaya masa cewa ranar da aka kafa keken, mahaifiyarta Solveig ta durƙusa ta yi rubutu da baƙin alƙalami a ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, inda ruwa ba ya saurin kai wa ba. Ta rubuta abin da take gaya wa Espen kullum da safe: "Kada ka yi dare, ɗana. Mama." Shekara ta zagayo, ciwon daji ya tafi da ita.

A watan Nuwamba Linnea ta kai Emmett gida. Mahaifinta, Mista Arvid, tsohon direban bas ne da ya yi ritaya, yana ɗingishi saboda ciwon gwiwa. Ya zuba wa baƙon gasasshen dankali da nama, ya tambaye shi iyayensa, sannan ya leƙa taga.

"Ina ka ajiye motar?"

"Da keke na zo, yallaɓai."

"A wannan sanyin."

"Ko ƙanƙara ta sauka ina hawa. Taya kawai nake canzawa."

"To," in ji dattijon. "Wannan kuma daban ne."

Wanda ya san mutanen wannan jiha ta Minnesota ya san babu zagin da ya fi wannan zafi.

Bayan Emmett ya tafi, Mista Arvid ya tsaya yana wanke kwanuka, ya ba 'yarsa baya.

"Yaron yana da ladabi. Amma na binne mai keke ɗaya, Linnea. Ba na so ki ƙare rayuwarki kina razana duk lokacin da waya ta yi ƙara."

"Baba."

"Grant Lindqvist ya tambaye ki a coci. Likitan haƙori ne. Motarsa har kujerunta ɗumi suke yi."

"To ka aure shi mana, Baba."

Bai yi dariya ba.

Emmett ya san bai ci jarrabawar ba, ya shiga neman abin da zai faranta ran dattijon. Ya san Mista Arvid yana zuwa wurin farin keken kowace Lahadi bayan coci. Ya kuma ga yadda gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara ya ci keken: tsatsa ta fito, fentin yana ɓarewa, yaran unguwa sun yi zane-zanensu a jiki. Ranar Juma'a ya datse sarƙar, ya kai keken shago. Ya goge shi da sanfefa har ƙarfe ya fito, sama da ƙasa, ya fesa sabon farin fenti. Niyyarsa ya mayar kafin Lahadi, dattijon ya zo ya tarar da shi yana ƙyalli. Bai tambayi kowa ba, don yana so abin ya zo musu ba zato.

Asabar ɗin ita ce ranar haihuwar Espen. Mista Arvid ya zo da furanni, ya tarar da sandar fitila tsirara. Wata mata mai yawo da kare ce ta same shi zaune a bakin titi, ta kira 'yarsa.

"An sace keken Espen," Linnea ta rubuta wa Emmett. "Baba ya kasa tashi. Ban san yadda zan yi ba."

"Yana wurina! Ki kwantar da hankalinki, Kunkuruna. Ku zo shago, akwai abin da nake so ya gani."

Suka zo. Keken yana rataye, fari kamar ba a taɓa fitar da shi waje ba. Emmett yana murmushi, da fenti a gashinsa.

Mista Arvid ya dafa bango, ya durƙusa a kan gwiwar mai ciwo, ya leƙa ƙarƙashin ƙarfen tsakiya. Ya daɗe a haka. Ya shafa wurin da yatsa, fentin da bai gama bushewa ba ya kama shi.

"Ka yi aiki mai kyau," ya ce. Ya miƙe da ƙyar, ya fita.

"Me ya faru?" Emmett ya tambaya.

"Rubutun Mama yana wurin," in ji Linnea. Muryarta ba ta tashi ba. "Shi yake zuwa karantawa duk Lahadi. Shi kaɗai ne wurin da suke tare, ita da Espen."

"Ban gani ba, Linnea. Tsatsa ce da zanen yara. Da kin gaya mini..."

"Da ka tambaya. Kai mai keke ne. Ka fi kowa sanin ba a taɓa shi."

Ta juya ta bi mahaifinta.

Washegari saƙonta ya shigo: "Na san ba da mugunta ka yi ba. Amma idan na dube ka, Baba nake gani a durƙushe. Kada ka ƙara ajiye mini kofi."

Ya rubuta amsa mai tsawo, ya goge, ya aika da kalma uku: "Ki yi haƙuri."

Ya mayar da keken wurinsa da sabuwar sarƙa, ya jefa makullin kwaɗon a akwatin wasiƙun gidansu.

Hunturu ya shigo. Linnea ta daina bin Greenway, daga baya ta daina gudun baki ɗaya. An ga ta sau da dama a motar Grant Lindqvist. Emmett ma ya gan su sau ɗaya daga kan gada, ya tsaya har suka ɓace, sannan ya ci gaba da tafiya. Safiya da yawa ya sami kansa ya sayo kofi biyu, ya ba abokin aikinsa ɗaya.

Motar share ƙanƙara tana bin hanyar kekuna da sassafe, kuma a daidai mararrabar nan take tara abin da ta kwaso. Shekarun baya keken Espen yakan nutse har sirdi, Mista Arvid ya tsaya daga nesa ya duba ya koma. A bana kowace Lahadi yakan tarar an tone keken tas, an buɗe 'yar hanya daga bakin titi zuwa sandar, an watsa yashi don kada mutum ya zame. Ya ɗauka ma'aikatan gari ne suka fara jin tausayi. Wata Lahadi a watan Fabrairu ya fasa zuwa coci, ya zo da wuri.

Emmett ne, da shebur, gemunsa ya daskare.

Dattijon ya tsaya yana kallonsa har ya gama.

"Ba zai dawo da rubutun ba."

"Na sani, yallaɓai."

"To me ya kawo ka?"

"Gwiwarku. Tudun nan ba zai hawu muku ba."

Mista Arvid ya ƙarasa wurin keken, ya dafa sirdin.

"Rabinsa ya riga ya goge tun bara," ya ce. "Ina kallo yana tafiya, na kasa taɓawa. Ko hoto ban ɗauka ba. Ba don in wanke ka na faɗa ba."

"Ban zaci haka ba."

"'Yata tana zama a motar Grant tana kallon taga. Na yi rayuwata ina tuƙa bas, yaro. Na san fuskar wanda ya shiga motar da ba tasa ba." Ya dubi Emmett. "Za ka bar hawan keke?"

"A'a, yallaɓai. In na ce zan bari, ƙarya na yi muku."

"A mararraba fa?"

"Sauka nake yi in tura. Tun ranar da ta nuna mini wurin nan."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Gidana ma akwai ƙanƙara a ƙofa," ya ce, ya juya.

Emmett ya share ƙofar gidan Halvorson sau uku kafin Linnea ta fito. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin rigar sanyin mahaifinta.

"Ka bar wani wuri can."

"Na gani."

"Ban gama yafe maka ba, Emmett. Akwai ranakun da ba zan so ganin fuskarka ba."

"A ranakun sai in zauna a shago."

"Na sallami Grant tun watan jiya. Ba saboda kai ba. Mutumin hirar haƙora yake yi a kan abinci." Ta goge idonta da bayan hannu. "Ni ma da na gaya maka. Na kasa ne."

Ya ajiye shebur ɗin.

Da ƙanƙara ta narke, ya ji sawu a ƙofar shago wata safiya, a layin masu keke. Saƙo ya shigo wayarsa: "Ƙararrawa, ina kofina?"

An ɗaura auren a watan Yuni, a bakin tafkin Isles. Linnea ta ƙi shiga mota. Mahaifinta ne ya rako ta da ƙafa ta Greenway, a hankali saboda gwiwarsa, masu keke suna wucewa suna kaɗa musu ƙararrawa. Emmett yana jiransu a mararraba.

Mista Arvid ya ciro baƙin alƙalami daga aljihun kwat ɗinsa. Ya durƙusa, Emmett ya riƙe masa kafaɗa. A ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ya rubuta kalmomin, haruffan a karkace. Ya miƙa wa Linnea alƙalamin, ta tattare farar rigarta, ta sunkuya ta ƙara kalmar ƙarshe. Ba rubutun Solveig ba ne, kuma babu wanda ya yi kamar shi ne.

Bayan an ɗaura, an ci an sha, ango da amarya suka zo yi wa dattijon sallama. Ya riƙe hannun 'yarsa, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da tsawon rai, ya kuma maimaita tsawon ran. Sannan ya juya ga Emmett, ya gyara masa igiyar hular kwanon da ya saka don hawa keke, kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Kai kuma, ɗana," ya ce, "kada ka yi dare."