Hannun da Ya Ciyar da Kalilu

A shekarun fari, lokacin da hadari yake haɗuwa a gabas ya watse babu ko ɗigo, mata ne suka riƙe garin Kurawa. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, shanu suka zube a bakin gulbi, maza suka bazu cin rani, wasu har yau ba a ji ɗuriyarsu ba.

Saude matar Kalilu ita ta fara. Ta iya daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, yakuwa kuwa tana jure ƙishi. Ta tara zawarawa da matan da aka bari da yara ta koya musu, masu saƙa kuma suka kama tabarmar kaba. Ranar kasuwa su ɗora wa jakai kaya zuwa Isa ko Sabon Birni, su dawo da hatsi. Wata ƙungiya mai taimakon mata ta ga himmarsu ta kawo musu injin niƙa, aka kafa shi a ƙofar gidan Kalilu. Daga nan hayaƙi bai sake yankewa a murhun unguwar ba.

Kowa ya yi murna, ban da Kalilu. Manomi ne ƙaƙƙarfa wanda fari ya zaunar, kuma duk lomar da ya kai baki sai ya tuna daga gumin matarsa ta fito. Wata rana wani baƙo ya same shi zaune a zaurensa, ya yi sallama ya ce, "Malam, nan ne gidan Saude mai inji?"

Da yamma Saude ta ga fuskarsa a murtuke, ta durƙusa gefensa ta ce, "Malam, ka karɓi jakan ga ka riƙa kai muna kaya Isa, a hidda maka rabonka. Duk abu guda ne, ni da kai."

"In zama ɗan aiken mata?" in ji shi. "Ki bari, za ni nemo nawa."

Ya daɗe yana jin labarin wani boka, Na'Allah, can wajen iyaka, a wata fadama da ta ƙafe. Ya ce wa mutanen gida zai je neman aiki. Saude ta ɗaure masa dawon fura a tsumma, mahaifiyarsa Inno ta sa masa albarka.

Rana tsaka ya isa. Wurin bokan gindin wata tsamiya ce matacciya, babu ganye ko ɗaya, amma ƙarƙashinta inuwa ce baƙa ƙirin, mai sanyi kamar cikin rijiya. An ɗaure gindinta da jan ƙyalle da ya daskare da jini. Ƙahonin awaki a jere, gashin baƙaƙen kaji manne da ɓawon itacen, ga wata tukunya an binne ta har wuya, bakinta a buɗe. Ƙudaje sun cika wurin, amma ko ɗaya ba ya sauka a bakin tukunyar. Bokan tsoho ne ƙanjamamme, yana zaune bisa buzu, bai ɗaga kai ba.

"Mi kaka so?"

"Arziki, Baba. Wanda za a daina kira na mijin wance."

"Yunwa kaka ji gidanka?"

"A'a."

"To, koma gida. Masu zuwa wurin ga da yunwa na san abin da ya koro su."

Kalilu ya ce ba inda za shi. Tsohon ya karkata kunne wajen tukunyar kamar mai sauraron magana.

"Mai wurin ga ya ce shina ba ka hatsin da rumbu ba ya ɗauka. Amma shi ma a ba shi."

"Rago? Sa? Ko mi ne za ni nemo."

"Ba ya son dabba. Hannun da ke ciyar da kai shika so."

Kalilu ya yi tunani. A ransa ya ce, ai sana'ar Saude ake nufi. Inji ya lalace, daddawa ta yi kwantai, ta dawo ɗaka ta zauna shi ya ciyar da ita. Abin da ya fito nema ke nan.

"Na yarda."

"Ka ji da kyau? Ban ce maka sana'a ba."

"Na ji, Baba. Na yarda."

Bokan ya sa shi ya kwance guzurinsa, ya gutsuri dawon da Saude ta kirɓa, ya zura hannun dama cikin tukunyar har gwiwar hannu. Ciki babu komai sai sanyi. Can sai ya ji wasu yatsu, ƙanana masu laushi, sun karɓi dawon daga hannunsa a hankali, kamar yadda yaro mai ladabi ke karɓar abu wurin babba.

A hanyar dawowa ya haɗu da wani falke, ya ba shi buhun gero domin ya sayar masa. Ya zuba a rumbu, kashegari ya tarar rumbun ya cika har baki. Yana ɗiba yana sayarwa, ba ya raguwa. Kafin wata damina ta zagayo ya gina rumbuna sun zagaye gida, ya sayi babbar mota, mutane daga Kamarawa har tsallaken iyaka suna layi a ƙofarsa, yana tsuga musu kuɗi yadda ya ga dama. Ba wanda ya sake cewa gidan Saude.

Ya ce wa Saude ta bar sana'a. Ta ce, "Malam, matan ga da ni suka dogara. In na zauna, su ci mi?" Inji kuwa bai lalace ba, daddawa ba ta yi kwantai ba. Abin ya ba shi mamaki, har ya fara zaton an yafe masa.

Inno ce ke dama masa fura kullum da hantsi, tun yana yaro ba ta bar wa kowa wannan ba. Wata safiya ludayi ya suɓuce mata. Ta duba hannunta na dama, ya yi sanyi, yatsun sun lanƙwashe kamar mai miƙa abu. Cikin kwanaki kaɗan ya bushe ya yi baƙi kamar icen girki, bushewar ta haura kafaɗa ta gangara ƙirji. Kafin ta cika ta ce masa, "Wani yaro ke riƙe mini hannu, ka ce ya saki."

Kalilu ya gane, amma ya rufe bakinsa. Ya ce wa kansa tsufa ne. Ya ci gaba da cin tuwon Saude.

Ranar da ya ga tana juya tukunya da hagu, hannun dama a naɗe cikin zane, ya san abin ya iso kanta. Ya kai ta asibitin Isa, ya tara malamai, ya yanka shanu sadaka. Tana kwance ta dube shi ta ce, "Malam, ina ka tahi ran da na ɗaure maka dawo?" Ta kau da kai wajen bango, ba ta sake yi masa magana ba har ta rasu.

Cikin zaman makoki Hajjo, wata bazawara daga cikin matan inji, ta aiko da tuwo gidan mutuwa kamar yadda aka saba. Kalilu ya ci. Da hannun Hajjo ya fara sanyi, gari ya gane duk hannun da ya ciyar da Kalilu bushewa yake yi. Matan suka tumɓuke injinsu suka kai shi ƙarshen gari, masu fura a kasuwa suka riƙa kife ƙwarya in sun hango shi.

Ya koma fadamar a guje. Bokan yana nan yadda ya bar shi.

"Baba, a karɓe hatsin, a bar mini ɗiyata."

"Ba a mai da abin da ya shiga tukunyar ga. Na ce ka koma gida, ka ƙi."

Ɗiyarsa Rahmatu ita kaɗai ta rage masa, budurwa mai hankali irin uwarta. Ya rantsar da ita kada ta miƙa masa ko ruwa. Amma ta ga ubanta yana rama, yana ƙona tuwo a murhu, zuciyarta ta kasa. Ta dama kunu ta ajiye a bakin zaure, ta ce masa daga maƙwabta ne. Yunwa ta sa bai tambaya ba. Ita ba ta mutu ba. Hannun ya bushe, hankali ya tafi, ta shiga yawo kasuwa kasuwa da ƙwarya wayam tana miƙa wa mutane tana cewa, "Baba, ci."

Sai ya rage shi kaɗai, yana dafawa yana ci da hannunsa. Nan ya tuna shi ma hannu ne mai ciyar da Kalilu. Na dama ya tafi, ya koma na hagu, shi ma ya bi. Maƙwabta suna jin kukansa ta bayan katanga yana roƙon loma guda, ba mai ƙarfin halin miƙa masa. Da shiru ya yi yawa aka fasa ƙofa, aka same shi kife a bakin rumbu, bakinsa cike da ɗanyen gero. Masu ɗaukar gawa suka taɓa geron, ya zama rairayi a tafinsu.

Matan suka ɗauki Rahmatu, su ke yi mata wanka suna ba ta abinci a baki, daga abin da injin uwarta ke kawowa.

Kai da Allah ya sa rufin asirinka a hannun matarka, ko uwarka, ko 'yarka, ka gode masa ka kama musu. In girman kai ya raɗa maka cewa ka nemi naka ta kowace hanya, ka sani masu ba da irin wannan arzikin ba baƙo suke karɓa ba. Wanda ya fi ƙaunarka shi suke fara ɗauka.