Ƙwayar Kiristal Da Sharaɗin Baba

"Goge su kawai, wa zai sani?"

Gimbiya, abokiyar karatuna, ta dangwala farce a kan allon kwamfutata. Hasken injin gwaji ya ratsa 'yar ƙwayar kiristal ɗin, mai kama da ƙwayar gishiri, da na sha wahalar renonta, amma ɗige-ɗigen da suka fito duk sun dusashe. Siffar da na zana wa sinadarin ta ƙi dacewa da su.

Ga Baba ya rantse ba zancen aurena da Dogo sai na kare aikin digirina a gaban masu jarrabawa!

"Ki cire waɗanda suka ƙi zama, lissafinki ya yi kyau," ta ƙara da murmushi.

Dogo ya shigo riƙe da kofin shayi. Ɗakin gwajinmu ɗaya, kuma na daɗe da lura da irin kallon da Gimbiya take masa.

Ya leƙa allon, ya yi dariya.

"Zumata, tagwaye kika haifa! Ƙwaya biyu ce manne da juna."

"To in goge?"

"A'a. Ki raba lissafin biyu. Gefen da ya ƙi fitowa kuma ki rubuta cewa ba ki da tabbas."

"In faɗa wa masu jarrabawa ban sani ba? Ka ce dai ba ka son auren!"

Na fice ina hawaye...

Fushin bai yi nisa ba. Washegari na tarar da shi ya share teburina, ya yi tagumi kamar maraya.

"Gyara min kujera," na ce ina harararsa.

Muka raba lissafin. Inda atam, wato ƙananan ƙwayoyin sinadarin, suka ƙi tsayawa wuri guda, na rubuta hakan ƙarara.

Ranar kare aiki, Gimbiya ta ɗaga hannu.

"Farfesa, a duba ainihin bayanan injin mana!"

Ashe ta ɗauka na goge, so take a kama ni!

Farfesa ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau.

"Ko ɗigo bai ɓata ba. Bayanan ba su da kyau, amma ba a yi musu kwalliya ba. Kin ci, 'yata."

Gimbiya ta sulale ko sallama babu.

A waje Baba ya ƙare wa Dogo kallo sama da ƙasa.

"Kai ne ka sa ta kuka?"

"Ni ne, Baba..."

"Uwarta ta ba ni labarin yadda ka hana ta yin coge. Turo manyanka."

Dogo ya durƙusa da sauri har kansa ya bugi ƙofar motar Baba. Ni kuwa na rufe fuska da mayafi, dariya ta hana ni yi masa sannu.