Ƙararrawar Takalmin Madam Eunice

Ƙarfe goma na safiyar Juma'a, ana wani yayyafi mai sanyi, Sufeto Orval Dufresne ya isa gidan Marnie Kowalchuk. Shekara ashirin da shida yana aiki, ya ga gawa ya ga gobara, yau kuma karya aka ce ya nemo. Ya yi tsaki tun a mota.

Da ya ga idon matar a kumbure, sai tsakin ya koma ciki.

"Sunanta Tansy, Yallaɓai," in ji Marnie. "'Yar ƙaramar karya ce irin Papillon, ko kilo uku ba ta kai ba. Jiya na dawo daga aiki na tarar da kejinta wayam. Sati mai zuwa ne fa za ta fara shiga gasa."

"An fasa ƙofa?"

"A'a. Makullin yana ƙarƙashin tukunyar fulawa, inda nake ajiye shi."

"Me kuma aka ɗauka?"

"Matajinta, da 'yar kwalbar zumar da nake lasa mata in jikinta ya yi sanyi."

Sufeto ya dubi talabijin, ya dubi kwamfuta, duk suna nan. Wannan ɓarawo ya san ƙananan karnuka, kuma ba ya so ta wahala.

A jikin firij akwai kalanda, an zagaye Litinin da jan biro.

"Wannan fa?"

"Gwajin ido. Ni sabuwa ce a harkar, Yallaɓai, amma na yi alkawari ba zan haɗa ta da namiji ba sai likita ya ce ba ta da ciwon gado. Sakamakon ma a rajista ake sa shi, kowa ya gani."

"Wa ya san da ranar?"

"Madam Eunice kaɗai. Ita ta sayar min da Tansy, ita ta koya min komai. Uwa ce a wajena."

Madam Eunice Thibodeau ta kai shekara saba'in, arba'in daga ciki a kiwon Papillon. Bangon falonta kofuna ne da jajayen ƙyallayen nasara har rufi. Da Sufeto ya isa gidanta, ta taso buɗe ƙofa, sai ya ji wani ƙilin-ƙilin. 'Yar ƙararrawa ce ɗaure a igiyar kowane takalminta.

"Kwalliyar tsufa ce," ta ce tana dariya. "Shigo, Sufeto, kada sanyi ya kashe min kai."

"Ina kike jiya da hantsi, Madam?"

"Coci. Muna gasa burodin sadaka."

"Kin san Marnie za ta kai karyar gwajin ido?"

"Yau na fara ji. Yaran yanzu, da sun karanta abu a waya sai su fi likita."

Ƙarya ta farko ke nan, tunda Marnie ta ce ita kaɗai ta san ranar, ta biyun kuma ba ta yi nisa ba, don nan take ya buga wa cocin waya, aka ce sai Asabar ake gashi.

Ya zauna. Ƙafafun tebur da na kujeru duk an naɗe su da tsumma. Madam Eunice ta nufi kicin, sai ga tsofaffin karnuka biyar sun fito daga ɗaki suna bin ƙarar takalminta. Sufeto ya ajiye hularsa a ƙasa, a kan hanyarsu. Na gaba ya yi karo da ita, na baya ya yi karo da na gaba. Makafi ne, dukansu.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya fita baranda ya bi asibitocin dabbobi da waya ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu, a wani gari can gaba, aka ce jiya wata tsohuwa ta kawo 'yar Papillon, aka cire mata mahaifa, ta kuma tafi da ita da yamma.

Ya kira Marnie ya ce ta zo.

A ɗakin wanki suka sami Tansy, kwance kan bargo, an aske cikinta, ga ɗinki, ga kwalbar zuma a gefe. Marnie ta durƙusa. Ba sai an faɗa mata ba, karyar da aka yi wa wannan aiki ba ta haihuwa, ba ta kuma taka filin gasa har abada.

"Me na yi miki, Madam?"

Tsohuwar ta dafa bango. "Ba ki yi min komai ba, 'yata. Kakan Tansy ne ya kawo makantar. Na gane tun shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin ya riga ya cika min bango da kofuna. Na yi shiru, na ci gaba da sayarwa. Da kin kai ta Litinin, sunana ya mutu. Na ce in babu gasa babu haihuwa, gwajin me za ki yi? Gobe na yi niyyar cewa na tsince ta a bakin hanya."

"Za ki ƙarasa sauran a ofis," in ji Sufeto. "Ɗauko rigar sanyinki."

Marnie ta miƙe da karyar a ƙirji. "Litinin zan kai ta, kuma za a rubuta. Abu ɗaya nake so ki gaya min. Shekara nawa ya rage mata tana gani?"

"Uku. In an yi sa'a, huɗu."

Madam Eunice ta sunkuya da ƙyar, ta kwance ƙararrawar takalmanta, ta danƙa wa Marnie a hannu.

"Riƙe. Za ki buƙace su."

Sufeto ya riƙe mata hannu suka sauka matakala, bai ga amfanin ankwa ba. Da ya waiwaya ta tagar falo, karnukan biyar suna tsaye a tsakar ɗaki, kunnuwa a miƙe, suna jiran ƙarar. Ba su san ta fita ba.