Fetur Ɗin Da Aka Ajiye Wa Baba

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka kawo rahoton. Wani tela ne ya faɗo ofishin 'yan sanda ba takalmi, tef ɗin awo rataye a wuyansa, ya dafa kanta ya ce an kashe masa uba.

Sufeton da ke bakin aiki ya yi shekara ashirin da shida a kaki, kuma ba mutum ba ne mai son gaggawa. Ya tura masa kujera da ƙafa.

"Zauna tukuna. Wa ya kashe shi, kuma da me?"

"Da ruwa, Yallaɓai. Babanmu ciwon huhu gare shi, da na'ura yake numfashi. Aka ɗauke wuta da tsakar rana, na ruga na ja janareta, ya ƙi tashi. Na ja har hannuna ya tsage. Kafin a samo mota Baba ya cika. Da na buɗe ƙasan tankin, ruwa ne ya zubo."

"Wa kake zargi?"

"Sifana. Bakaniken da Baba ya riƙa tun yana maraya. Yau da safe na gan shi da buta a ƙofar ɗakin injin. Garejin Baba yake so ya zama nasa."

Da yake ga gawa, ga ruwa a tanki, ga wanda ya ce ya gani da idonsa, umarni ya zo daga sama. Kafin rana ta faɗi Sifana yana bayan kanta.

Washegari da safe aka binne tsohon. Sifana ya kama ƙarfen sel yana roƙon a kai shi ko da da ankwa ne, ya ga fuskar mutumin da ya koya masa riƙe sifana. Doka ba ta bari ba. Sufeto ya ji kukan daga ofishinsa, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Da hantsi ya ɗauki Kofur ɗinsa suka nufi gidan mamacin. Ɗakin injin ɗan ƙarami ne na langa-langa a bayan gida, bangonsa ɗaya na siminti, ƙasan duk danshi. Janareta na zaune a kan katako, an lulluɓe shi da yadi mai kyau, an yi masa ɗinki daidai jikinsa.

"Wannan injin ya fi ni sutura, Yallaɓai," in ji Kofur.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya juya wajen Tela. "Yaushe rabon da a tayar da shi?"

"Kowace Asabar nake tayar da shi. Ko jiya da safe na tayar, shi ya sa na bar ƙofar a buɗe."

Sufeto ya durƙusa, ya haska bakin salansa, inda hayaƙin injin ke fita, da tocilan. Ya ɗan jima a haka. Sai ya sa Kofur ya tsiyayi man a kwalba, a kwance kafireta da tiyon mai a sa a leda.

A cikin gida ya sami Auta, ƙanwar Tela, zaune a bakin gadon uban, na'urar numfashin na gefe a kashe. Idanunta sun kumbura.

"Allah ya ba ku haƙuri. Kina jin ƙarar injin ran Asabar?"

Ta kalli ƙofa kafin ta amsa. "Ina ji."

"Da wane lokaci?"

"Da... da safe. Ko da yamma. Ban riƙe ba."

"A wata taran da injin ya yi a gidan nan, ba a taɓa ɗauke muku wuta ba?"

"Layin wutarmu ɗaya da asibiti, da wuya su ɗauke. In sun ɗauke ma, minti biyar ne, batirin na'urar yana riƙewa. Jiya ce kawai ta daɗe."

Ƙarya ba ta karɓe ta ba, sai murza bakin mayafi take yi. Sufeto ya ƙyale ta, don ya ga ba kanta take karewa ba.

Daga nan ya wuce ɗakin gwajin mai. Ma'aikaciyar wurin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗaga kwalbar a hasken taga. Man ya rabu gida biyu: sama ja-ja, ƙasa wani gurɓataccen ruwa.

"Zuba masa aka yi?" Sufeto ya tambaya.

"Ba lallai ba. Fetur ɗin yanzu gauraye yake da itanol, wanda ake tatsa daga rake ko masara. Shi kuwa itanol mayen danshi ne. In mai ya daɗe a ajiye, yana zuƙar raɓa daga iska kaɗan-kaɗan, har ya ƙoshi, sai ya ja ruwan su kwanta a ƙasa. Kuma daga ƙasa inji yake shan mai."

"To ta yaya zan bambance?"

Ta buɗe kafiretar ta miƙa masa. Cikinta ya yi farar tsatsa, ƙofofin sun toshe da wani abu kamar ƙaro. Ta matsa tiyon da yatsa biyu, ya lotsa ya tsage.

"Ruwan buta na jiya ba ya yin wannan, Sufeto. Wannan aikin watanni ne. Sansana man ka ji, ya mutu tun tuni."

Sufeto ya koma ofis ya sa aka fito da Sifana. Dogon mutum ne mai baƙin mai a farce, muryarsa ta dushe.

"Ka je gidan jiya da safe?"

"Na je, Yallaɓai. Makullin ɗakin injin na je roƙo, kamar kullum. Na ce Yaya, wannan man ya tsufa, bari in juye shi a babur in zuba sabo. Ya ce in fita harkar gidansu. Har da alli na rubuta masa a bangon ɗakin tun ranar da na kawo injin: a tayar minti goma duk sati, a canza mai duk wata."

"Babu rubutu a bangon."

Sifana ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Sun binne shi a inuwa kuwa? Baba ba ya son rana."

Sufeto ya kau da kai, ya ɗauki hularsa.

Da la'asar ya sake tsayawa a ɗakin injin, Tela a gabansa, Auta a bakin ƙofa. Ya shafa bangon simintin. Wuri ɗaya ya fi ko'ina tsabta, an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, amma a lungun sama, inda hannu bai kai ba, wutsiyar wani harafi ta rage.

"Ka ce jiya da safe ka tayar da shi?"

"Ƙwarai."

Sufeto ya zura biro a bakin salansa ya ɓanɓaro busasshen laka. Tsutsa ta faɗo a tafin hannunsa.

"Gidan zanzaro ne. Ya gina, ya yi ƙwai, har 'ya'ya sun girma. Injin da ke tashi duk Asabar zanzaro ba ya kwana a salansarsa. Yanzu gaya mini gaskiya."

Auta ta fashe da kuka. "Yaya, don girman Allah ka faɗa. Bawan Allah yana kulle, ko kabarin bai gani ba."

Tela ya zauna a ƙasa cikin danshin, ya kama yadin da ya ɗinka wa injin.

"Lokacin wahalar mai, kwana biyu na yi a layi," ya ce. "Na cika tankin, na rantse ɗigo ɗaya ba zai ƙone ba sai don numfashin Baba. Shi Baba da kansa, muna yara, yakan ajiye fetur shekara guda a duro, kuma ya yi aiki. Na ɗauka Sifana iyayi yake yi mini, don Baba ya sha cewa ya fi ni hankali. Na sa kwaɗo, na hana kowa taɓawa."

"Butar fa?"

"Babu buta. Da na ga ruwan nan, sai idona ya faɗa kan rubutun. Na kasa kallonsa, Yallaɓai, na goge. Ba zan iya tsayawa gaban 'yan'uwana in ce ni ne ba."

Sufeto ya sha kama masu kisa don ƙiyayya, kuma bai taɓa jin nauyin ankwa ba sai ranar. Tausayin mutumin ya kama shi, amma ya tuna wanda ya kwana a sel.

"Sakacin da ya jawo rasa rai, ɓata shaida, da ƙagen kisa. Kofur, tafi da shi."

A kanta suka haɗu, ana sallamar Sifana ana shigar da Tela. Da aka ce ya ajiye kayan jikinsa, Tela ya ciro wani zare daga ƙarƙashin rigarsa. Makullin kwaɗon ne, ya yi wata tara a wuyansa. Ya miƙa da hannu biyu, ankwa tana ƙara.

"Ungo, ƙanena. Ka yafe mini."

Sifana ya dubi makullin, hawaye na bin gemunsa.

"Minti goma na roƙe ka, Yaya," ya ce. "Yanzu me zan buɗe da shi?"

Aka wuce da Tela ciki. Sufeto ya ɗauki makullin motarsa, ya dafa kafaɗar Sifana.

"Zo in kai ka ka ga inda aka sa Baba."