Sau Ɗaya Ya Ƙirga Ta

Ranar Litinin da safe ta fara ganinsa. Dogo ne siriri, ya dasa kujerar roba a bakin shagon babanta, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai madanni daga aljihu. Duk wanda ya wuce sai ya danna, ƙas. Auta na cikin shago tana jera makullai, tana harararsa ta gilashi kamar shi ya kashe musu kasuwa.

Kowa a layin ya san abin da ya kawo shi. Tun da aka buɗe katafaren kanti a bakin gari, tsakiyar birni ta mutu a tsaye. Shago ashirin da biyu ne a layin, tara suka rage a buɗe. Sai hukumar tsara birni ta ce za a ƙirga masu wucewa da ƙafa har kwana goma. In sun kai dubu biyu a rana, za a gyara layin. In ba su kai ba, katafila za ta share shi, a faɗaɗa filin ajiye motocin da ke bayansu.

Shekara talatin da ɗaya Baba yana yanka makulli a shagon nan, kuma a samansa suke kwana. Rushe shago, rushe gida ne.

Da hantsi Auta ta ga mutane ba su da niyyar zuwa, sai ta shiga shagon Gwaggonta mai sayar da zare, ta aro mayafai. Ta wuce da baƙi, ta zagaya ta baya, ta wuce da kore, ta sake zagayawa. A karo na biyar ya yi gyaran murya.

"Sannu da zirga-zirga. Shuɗin nan ya fi yi miki kyau."

Ta tsaya cak.

"Amma sau ɗaya na danna," ya ce a hankali. "Mazauna layi sau ɗaya ake ƙirga su a rana."

"Ta ina ka gane ni?"

"Takalminki na hagu yana kuka."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce masa mugu, ta koma ciki. Bayan azahar kuma ita ce ta fito masa da ruwan sanyi, wai don kada ya sume a ƙofarsu a ce su ne.

Daga ranar ta raɗa masa suna Ƙas-ƙas, shi kuma yake kiranta Ɗaya. Kafin Laraba lambar wayarta ta shiga wayarsa, ba wanda ya san yadda aka yi, har ita.

"Ƙas-ƙas, yau nawa?"

"Ɗari tara da sha huɗu. Ki yi haƙuri, Ɗayata."

"Ka ƙara sifili ɗaya mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ke ma za ki sani, kuma ba za ki ƙara yarda da maganata ba, ko na ce ina sonki."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Zuciya ba ta da ƙashi, kuma tata ta zaɓi wanda zai rushe musu gida.

Baba bai makance ba. Ranar Alhamis ya ajiye zarton hannunsa ya dube ta.

"Auta, duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kai wa ruwa sai mai auna mana kabari?"

"Baba, aiko shi aka yi."

"Katafilar ma aiko ta za a yi. Kada na ƙara ganinki a bakin kujerar nan."

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Manaja, mai kula da filin motocin, wanda shi za a ba ƙarin filin. Kullum yana shigowa shago yana juya makullin mota a yatsa, yana cika wurin da turare.

"Baba, ka kwantar da hankalinka," in ji shi. "Na samo maka wani ɗan lungu a sabon kanti, kusa da inda ake jera kekunan sayayya. Ai mun kusa zama ɗaya." Ya faɗa yana kallon Auta.

Baba ya ci gaba da aikinsa, bai kore shi ba. Wannan ne ya fi tsorata ta.

Ƙirge ya ƙi motsi. Ɗari takwas, ɗari tara, rana guda dubu da kaɗan. Mai gyaran takalmi ya fara ɗaure kayansa a kwali. Gwaggo ta daina raha. Auta ta rubuta takardu da hannunta ta raba a titi, ta roƙi ƙawayenta su zo ko da wucewa kawai. Suka zo rana ɗaya, kamar an ɗiga ruwa a yashi.

A ƙarshen layin akwai wata ƙofar ƙarfe da ke ɓullewa tashar bas ta gefen filin motocin. Shekara biyu ke nan Manaja ya sa mata kwaɗo, wai masu wucewa suna karce masa motoci. A rana ta bakwai Auta ta hango Ƙas-ƙas tsaye a wurin a lokacin hutunsa, Manaja ya dafa kafaɗarsa suna magana. Ta zaro waya ta rubuta masa saƙo.

"Ashe da shi kake aiki. Shi ya sa gaskiyarka ta yi yawa a kanmu. Kada ka ƙara kirana."

"Ɗayata, ba haka ba ne. Ki ba ni kwana uku."

Ta rufe lambarsa, ta hau sama ta yi kuka mai isarta.

Rana ta tara ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ta samu Baba yana shafa wa injin yankan makulli mai, kamar yana sallama da shi. Ta durƙusa.

"Baba, kwaɗon nan na ƙofar tasha, minti ɗaya ba zai ɗauke ka ba. Ka buɗe shi da sassafe. Ko rana ɗaya mutane su shigo."

"Ba nawa ba ne."

"Gidanmu za a rushe, Baba. A ɗakin saman nan Mama ta rasu."

Bai ɗago ba.

"Mutane suna ba ni makullin gidajensu su tafi su dawo. Ban taɓa buɗe abin da mai shi bai ce na buɗe ba. Ba zan fara da furfura ba."

Ta tashi tana share ido. Sai a kan matattakala ta lura irin wannan amsar ce aka taɓa ba ta a waya, ta ƙara jin haushin su duka biyun.

Ranar zaman hukuma zauren ya cika da 'yan layi, kowa ya yi jugum. Shugabar kwamiti ta karanta adadin: ɗari tara da sittin a rana. Gwaggo ta fara salati. Manaja ya gyara zaman hularsa.

Sai aka ji motsin kujera a baya. Ƙas-ƙas ne ya miƙe da takarda a hannu, ogansa na jan rigarsa yana cewa ya zauna.

"Ranki ya daɗe, adadin nan daidai ne, ni na ƙirga. Amma akwai wata takardar da ba a sa ni ba. Kullum a lokacin hutuna ina tsayawa a ƙofar tasha, ina ƙirga waɗanda suka sauko daga bas suka nufo layin, suka tarar da kwaɗo, suka juya. A awa ɗaya kawai, ba su taɓa gaza ɗari biyu ba. Ga ranakun, ga hotuna. Manaja ya same ni a can ya ce in na bari zai ba ni aiki, na ce masa na gode."

Zauren ya kaure da surutu. Shugabar ta sa aka ɗauko taswira, ta bi layin da yatsa. Ashe hanyar ta jama'a ce, ba ta taɓa shiga cikin filin motocin ba. Aka yanke cewa a buɗe ƙofar, a sake ƙirge bayan wata guda da wani ma'aikacin daban. Shi kuwa, tun kafin ya fita zauren ogansa ya karɓe katin aikinsa.

Da aka je buɗewa, Manaja ya lalube aljihu ya ce makullin ya ɓata. Shugabar ta waiga.

"Babu mai aikin makulli a nan?"

Baba ya matso a hankali.

"Ranki ya daɗe, ƙofar taku ce?"

"Ta gari ce. Na ce ka buɗe."

Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Ƙofar ta yi ƙara ta wangale, wata mata mai goyo ta fara ratsowa, tana mamakin taron da ke tafa mata.

Da yamma Auta ta buɗe lambarsa.

"Ƙas-ƙas, na zalunce ka. Aikinka ya tafi saboda mu. Ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin ki rufe ni. Kwana ukun nan ba wanda ya kawo mini ruwa."

"Kana ina?"

"Bakin shagonku. Baba ya ce na zo."

Ta sauko da gudu ta laɓe a bayan labule. Baba ya ajiye ɗanyen makulli da zarto a gaban Ƙas-ƙas.

"Na ji an kore ka. Sana'ar nan tana son ido da haƙuri, da mutumin da ba za a iya saye ba. Na ukun ne ba na iya koyarwa. Zauna." Ya tura masa kujera. "Sauran maganar kuma, ka turo manyanka. Wadda ke bayan labule, takalminki na kuka."

Watan nan Auta ba ta ci abincin kirki ba. Ranar da sakamako ya fito, dubu biyu da arba'in ne, da ƙyar da jiɓin goshi. Gwaggo ta zauna a tsakiyar titi ta yi kuka. Mai gyaran takalmi ya kwance kwalayensa. Kafin a gama kafa sababbin fitilu, an buɗe shago huɗu da suka daɗe a garƙame.

Bayan wata huɗu aka ɗaura musu aure. 'Yan layin suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya mai gaskiyar ubanta da taurin kan uwarta. Baba ya damƙa wa angon makullin ɗakin sama, wanda ya yanka da hannunsa, ya juya da sauri don kada a ga idonsa.

Da aka watse, Auta ta shigo da shuɗin mayafi. Ya zaro ɗan ƙarfen da ya saya da kuɗinsa don ƙirgen ƙofa, ya danna, ƙas.

"Nawa yau?" ta tambaya tana murmushi.

"Ɗaya," ya ce, ya jefa shi cikin durowa. "Na gama ƙirga."